Digiri 90 a Cikin Akwati: Ina Zafin Sabuwar Firosesa Zai Bi?

Kamfanin AMD ya yi wa masu haɗa kwamfutar gem wani alheri da ba a saba gani ba a wannan harka. Gurbin da ake dasa firosesa a kan madabod, wanda ya raɗa wa suna AM4, ya bar shi yana karɓar sababbin firosesa shekara da shekaru. Wanda ya haɗa kwamfutarsa a 2019 da Ryzen 5 3600, da aka shiga 2022 sai ya tarar zai iya cire ta ya dasa Ryzen 7 5800X3D a madadinta, ba sai ya sayi sabon madabod ko sabon RAM ba. BIOS kawai zai sabunta. Ga matashin da ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, babu hanyar ƙara wa kwamfuta ƙarfi da ta fi wannan rangwame.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa masa ba ranar ciniki. Tsohuwar firosesar ta zo da ɗan masanyayinta a cikin kwali, Wraith Stealth, curin alminiyam da fanka ɗaya a kai, wanda aka ƙera don firosesa mai wat 65. Sabuwar kuwa an rubuta mata wat 105, kuma kwalinta babu masanyayi ko kaɗan. Kuɗi sun ƙare, ga tsohon masanyayi yana hawa daidai, sai a mayar da shi a ɗaure. Ana buɗe gem, fanka ta ɗauki kuka, ma'auni ya haura 80, ya je ya tsaya a 90. Daga nan hankali ya tashi: ko jabu aka sayar mini? Ko za ta ƙone?

Yawanci ba jabu ba ce, kuma ba za ta ƙone ba. Amma tambayar tana da muhimmanci, musamman ga mu da muke zaune a inda ɗaki kansa yakan kusa digiri 40 a bazara.

Abin da lambar take nufi

A shekarar 2001 mujallar intanet ta Tom's Hardware ta fitar da wani bidiyo da har yau tsofaffin masu harkar kwamfuta ba su manta da shi ba. Ana cikin buga gem sai a cire masanyayi daga kan firosesa a ga abin da zai faru. Pentium 4 ta Intel ta rage gudu ta tsira. Athlon ta AMD ta yi hayaƙi ta mutu nan take. Tsoron da ake yi wa zafi ya samo asali daga wancan zamani, kuma a lokacin tsoro ne mai dalili.

Yanzu lamarin ya sauya. Kowace firosesa ta zamani tana ɗauke da ma'aunan zafi masu yawa a cikinta, tana duba su ba dare ba rana, kuma tana da iyakar da ba ta yarda ta tsallake. Ga yawancin firosesan Intel na kwamfutar tebur iyakar ita ce digiri 100 a ma'aunin Salshiyos. Ga Ryzen 7000 digiri 95 ne, ga 5800X3D 90, ga 7800X3D 89. Idan ta kai iyakar sai ta rage gudu da kanta, ta rage wutar da take sha. Idan hakan bai wadatar ba, ta kashe kwamfutar gaba ɗaya.

Da aka fitar da Ryzen 7000 a watan Satumba na 2022, masu saye da dama sun firgita, domin ko da babban masanyayi firosesar tana ruga wa 95 da zarar an ɗora mata aiki mai nauyi. AMD ya fito ya yi bayani cewa haka aka tsara ta: za ta riƙa ƙara gudu har sai ta taɓa iyakar zafi ko iyakar wuta, sannan ta zauna a nan. Ke nan a irin wannan firosesa, masanyayi mai kyau ba lallai ya sauko da lambar ba. Abin da zai ba ka shi ne ƙarin gudu a kan lamba ɗaya.

Don haka lambar zafi ita kaɗai ba ta faɗin komai. Dole a karanta ta tare da wasu biyu: wat nawa firosesar take sha a wannan lokaci, kuma a wane gudu take tafiya. Manhajar HWiNFO, wadda kyauta ce, tana nuna duka ukun a shafi ɗaya, har da alamar ko firosesa ta fara ja da baya saboda zafi. Digiri 90 a kan wat 200 da cikakken gudu, aiki ne yake tafiya. Digiri 90 a kan wat 60, gudu yana faɗuwa, gem yana sarƙewa, wannan zafi ne ya rasa hanyar fita. Akwai kuma tsallen da Ryzen kan yi daga 45 zuwa 65 don kawai an buɗe burauza, ta dawo bayan daƙiƙa kaɗan. Wannan ɗabi'arta ce, ba ciwo ba ne.

Me ya sa sababbin suka fi zafi

A 1974 Robert Dennard na kamfanin IBM da abokan aikinsa suka bayyana wata ƙa'ida da ta riƙe masana'antar kusan shekara talatin: duk lokacin da aka ƙanƙanta tiransisto, wutar da yake buƙata ma tana raguwa, don haka ana iya cusa da yawa a wuri ɗaya, a ƙara musu gudu, zafi bai ƙaru ba. Wajen tsakiyar shekarun 2000 ƙa'idar ta daina aiki. Intel ya ji a jikinsa da Pentium 4 samfurin Prescott ta 2004, wadda ta yi ƙaurin suna wajen zafi, har kamfanin ya fasa fitar da mai gudun gigahaz 4 da ya yi alkawari. Tun daga nan aka koma ƙara yawan ƙwayoyin aiki a cikin firosesa ɗaya.

Gasa ta sake mayar da kamfanonin biyu kan tura wuta. Core i9-13900K ta 2022 an rubuta mata wat 125, amma Intel da kansa ya ba ta damar shan 253 idan tana cikakken gudu, kuma masu ƙera madabod da yawa sun cire wannan iyakar ma, har firosesa ta riƙa wuce wat 300. A ɓangaren AMD, wadda aka rubuta wa 105 tana da izinin jan 142, mai 170 kuma irin Ryzen 9 7950X tana kaiwa 230. Lambar da ke jikin kwali ba ita ce abin da masanyayi zai ɗauka ba, kuma a ganina wannan rashin fayyacewa ya jawo wa masu saye asara fiye da kowane kuskure nasu.

Sannan ga matsatsi. Ɓangaren da ƙwayoyin aiki takwas suke a Ryzen 7000 faɗinsa bai wuce kimanin murabba'in milimita 70 ba. Zafi mai yawa ne yake neman fita ta ƙaramar ƙofa. Ita 5800X3D da muka faro da ita tana da nata ƙarin nauyi: an ɗora mata wani falle na ma'adanar gaggawa mai megabait 64 a saman silikon ɗinta, wanda shi ne sirrin ƙwarewarta a gem, kuma shi ne yake tare wa zafi hanya. Shi ya sa takan yi zafi ko da ba ta shan wuta sosai. AMD ya san da haka. A 9800X3D da ta fito a Nuwamba 2024 sai ya mayar da fallen ƙasa, ƙwayoyin aiki suka koma kusa da masanyayi.

Daga silikon zuwa fanka

Zafi yana bin matakai ne. Daga silikon ya shiga murfin jan ƙarfe da ke rufe da firosesa, daga murfi ya ratsa man da ake shafawa, ya shiga gindin masanyayi, ya hau faifan alminiyam, fanka ta kore shi cikin akwati, wasu fankokin su fitar da shi ɗaki. Mataki ɗaya ya toshe, sauran duk sun tashi a banza.

Matakin farko ba ya hannun mai saye. A 2012 Intel ya daina liƙe silikon da murfi da narkakken ƙarfe a firosesan Ivy Bridge, ya koma sa mai a tsakani. Zafi ya ƙaru, har wasu masu ƙarfin hali suka riƙa ɓalle murfin da reza suna canza man. Sai a 2018, da i9-9900K, ya dawo da liƙin.

Mataki na biyu kuwa a hannunka yake, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Murfin firosesa da gindin masanyayi sumul suke a ido, amma cike suke da ƙananan ramuka, kuma abin da ke cikin ramukan iska ce. Jan ƙarfe yana wuce da zafi fiye da iska sau dubu goma sha biyar ko kusa da haka. Aikin man shi ne ya kori wannan iska, ba ya yi kauri ba. Gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya ya isa ga yawancin firosesa, matsin masanyayi ne zai baza shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara yana kwance tsohon masanyayi ya ga yadda man shekara uku yake komawa: toka-toka, busasshe, yana ɓarɓashi a gefe, tsakiya kuma ƙarfe tsirara. Mayar da masanyayi a kan wannan ba tare da an goge da sipirit an sa sabo ba, shi kaɗai yana iya ƙara digiri da dama. Wani kuma sabon masanyayi ne fil, an ɗaure shi tsaf, amma an manta da 'yar ledar da ke manne a gindinsa. Idan aka kwance sai a ga man ya bazu a kan leda, rubutun gargaɗin da ke jikinta yana nan ana karantawa. Masu AM4 su kula da wani abu: busasshen mai yakan manne firosesa da masanyayi, idan aka fizga sama sai ta taso tare da shi daga gurbinta, siraran ƙafafunta su lanƙwashe. A bar kwamfutar ta yi aiki ta ɗumama tukuna, a kashe, a murɗa masanyayin hagu da dama a hankali kafin a ɗaga. Wajen ɗaurewa kuma a bi sukurori kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan, kada a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran.

Man goge baki ba man firosesa ba ne, ko da wani ya rantse ya gwada. Yana bushewa cikin ɗan lokaci. Shi kuma ruwan ƙarfe na galiyam da ake yabo, wanda Sony ya sa a PlayStation 5, yana cin alminiyam kuma wuta tana bin sa. Ɗigo ɗaya a kan madabod ya isa a yi jana'izarsa.

Wanda ya koma Intel ƙarni na 12 zuwa na 14 yana da nasa abin lura. Gurbin LGA1700 da ya fito a 2021 ya zo da ramukan ɗauri dabam da na baya, kuma tsayin firosesa ya ɗan ragu. Tsohon masanyayi yana buƙatar sababbin ƙarafan ɗauri. In aka yi dabara aka ɗaure shi haka nan, yana iya zama daram a ido alhali bai danne firosesa ba.

Iska ko ruwa

Waɗannan bututun jan ƙarfe da ke ratsa babban masanyayi ba sanduna ba ne. Kowanne rufaffe ne, an zuƙe iskar cikinsa, an bar ɗan ruwa kaɗan. Saboda babu matsin iska, ruwan yana zama tururi tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya kwashi zafi ya tafi can sama inda fanka take hurawa, ya koma ruwa, ya biyo garin jan ƙarfen da aka shafe bangon bututun da shi ya dawo ƙasa. Dabarar randa ce: ruwan da yake tsattsafowa ya tashi shi ne yake tafiya da zafi, sai dai nan ruwan ba ya ɓacewa, kewayawa yake. George Grover ne ya ƙera irin wannan bututu a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka a 1963. Babu famfo, babu abin da ke motsi sai fanka.

Masanyayin ruwa, mai famfo da tiyo da lagireto mai tsawon milimita 240 ko 360, yana da kyan gani, kuma ga firosesa mai shan wat 250 yana da amfani na gaske. Amma ruwan ba ƙanƙara ba ne. Ɗaukar zafi kawai yake ya kai lagireto, inda iskar ɗakinka za ta karɓa. Yana jinkirin ɗumama, shi ya sa gwajin minti biyu yake nuna lamba mai daɗi. A bar shi rabin sa'a a ga gaskiya. Famfonsa yana mutuwa, ruwansa yana raguwa da shekaru, kuma in aka ɗaura shi yadda famfo ya fi lagireto tsayi, kumfar iska za ta taru a famfon ya riƙa gurnani.

Ga mai buga gem a Kano ko Zinder da firosesa matsakaiciya, ni dai hasumiyar iska, wato babban masanyayi mai bututu da fanka, zan zaɓa masa. Irin su Peerless Assassin na Thermalright sun nuna cewa ba sai an kashe kuɗin NH-D15 na Noctua ba kafin a sami sanyi mai kyau. Idan fankarta ta mutu, fanka mai milimita 120 ba ta wuyar samu a kasuwa. Idan famfo ya mutu, sai dai a sayi sabon masanyayi dungurungum. A dai auna faɗin akwati da tsayin RAM kafin a saya. Kuma wanda zai ɗora kwamfuta a mota zuwa makaranta ko wani gari ya kwantar da ita, domin ƙarfen da ya haura kilo ɗaya yana rataye ne a jikin madabod, hanyoyinmu kuma kowa ya san su.

Akwati, ɗaki da ƙura

Sau da yawa wanda ya ga firosesa ta ƙara zafi bai ma taɓa ta ba, katin hoto ya canza. GTX 1060 wat 120 yake sha, RTX 3080 yana shan 320, RTX 4090 kuma 450. Yawancin katunan nan a cikin akwati suke zubar da zafinsu, daidai ƙarƙashin masanyayin firosesa, sai ya zama da iska mai ɗumi yake aiki. In akwatin mai gilashi ne a gaba, da 'yan tsagogi a gefe, fankoki masu fitilu suna ta juyawa amma babu inda za su jawo iska. Gwajin ba ya cin ko kwabo: a cire murfin gefe a ci gaba da gem. Idan zafi ya sauko sosai, laifin akwati ne, sabon masanyayi ba zai magance ba. Iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama. A duba kibiyar da ke gefen fanka, domin ɗaura ta a juye abu ne mai sauƙi.

Daga akwati sai ɗaki, kuma a nan ne lissafinmu ya rabu da na masu gwaji a YouTube. Su a ɗakuna masu digiri 22 ko kusa da haka suke aunawa. Masanyayi ba ya iya sauko da komai ƙasa da iskar da ake ba shi. Abin da yake riƙewa shi ne tazara tsakanin firosesa da ɗaki. A ɗauka tazarar digiri 55 ce. A can 77 za a gani. A ɗakin kwano a Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu, ɗaki yana 38, kayan nan dai su ne za su nuna 93. Babu abin da ya lalace. Wanda bai san wannan ba zai yi ta kwancewa yana ɗaurewa, yana sayen mai iri-iri, yana neman lambar da garinsa ba zai ba shi ba sai da na'urar sanyaya ɗaki.

Kuma duk wat ɗin da kwamfuta ta sha zafi yake zama, babu ragi. Injin da ke jan wat 500 a rufaffen ɗaki yana ɗumama iskar da shi kansa zai sake shaƙa. Buɗe taga da fankar silin suna cikin kayan sanyaya kwamfuta.

Hunturu yana kawo sanyi, amma yana kawo ƙura. Cikin makonni kaɗan takan yi shimfiɗa a gaban faifan masanyayi da lagireto har iska ta daina ratsawa. Akwati mai raga a mashigar iska, da fankokin shigarwa da suka ɗan rinjayi na fitarwa, yana rage ƙurar da ke kutsowa ta tsagogi. Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa kan kafet. Ranar shara a fitar da ita waje, a cire wuta, a hura da bulawa, a dafe kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Rage wuta

Maganin da ya fi kowanne araha shi ne wanda matasa suka fi ƙi, don suna ganin kamar rage wa kwamfuta daraja ne. Wutar da firosesa ke sha tana tashi ne da murabba'in ƙarfin lantarkin da aka ba ta, kuma 'yan megahaz na ƙarshe su suka fi neman ƙarin ƙarfin. Ma'ana, kashi kaɗan na gudu ne yake cin kaso mai tsoka na wuta. AMD ya tanadi Eco Mode, wanda yake mayar da firosesa mai wat 170 ta yi aiki a matsayin mai 105 ko 65, da Curve Optimizer mai rage ƙarfin lantarki kaɗan-kaɗan. A Intel ana shiga BIOS a sa iyakar wat da hannu. A gem, inda katin hoto ne ya fi ɗaukar nauyi, da wuya ido ya ga bambanci, amma kunne zai ji fanka ta lafa. Haka nan idan allonka hoto 60 ko 144 yake iya nunawa a daƙiƙa, barin gem ya riƙa zuba 300 ƙona wuta ne kawai. A ƙayyade shi. Mai amfani da inbata da sola zai ga ribar a batirinsa tun daren farko.

Abubuwa biyu da suka faru sun nuna inda haɗarin yake. A Afrilu 2023 wasu firosesan Ryzen 7000X3D sun ƙone a cikin gurbinsu, aka gano ƙarfin lantarki ne ya yi yawa a wani sashe, AMD ya fitar da gyaran BIOS da ya tsayar da shi a bolt 1.3. A 2024 kuma manyan firosesan Intel na ƙarni na 13 da na 14 suka riƙa faɗuwa a tsakiyar gem. Bayan watanni ana ƙorafi, kamfanin ya amsa cewa firosesan suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima, abin da ke lalata su a hankali. Ya fitar da gyare-gyare a Agusta da Satumba, ya ƙara shekara biyu a kan garanti. Babban masanyayi bai ceci kowa daga waɗannan ba, kuma gyaran na Intel yana hana sabuwar ɓarna ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kaso mai yawa na kayan da ke shigowa kasuwanninmu na hannu ne, babu rasit ɗin asali balle garanti. Mai sayen i7 ko i9 ta waɗannan ƙarnuka biyu ya nemi a dasa ta a gabansa, a kan madabod mai sabon BIOS, a buɗe HWiNFO, a sa manhajar gwaji ta Cinebench ta yi aƙalla minti goma, sannan a buga gem mai nauyi. Ya duba zafi, ya duba wat, ya duba gudu, ya tabbatar ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, kafin ya tura kuɗi.